Tambayi Makanike: Yarona ya ɗura fetur a tankin gas na jirgin ruwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Makanike, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Daga Yawuri nake rubuto maka. Ina da babban jirgin katako da nake dakon kaya da mutane ranakun kasuwa, daga nan zuwa garuruwan bakin tafkin Kainji. Injinsa na gas ne, wato dizal, tsohon injin mota mai silinda huɗu da aka haɗa da farfela, tankinsa na ƙarfe yana cin lita 200.

Ranar Litinin da asuba na ce wa ɗan yayata da ke yi mini aiki ya ƙara mai. Jarka huɗu ne a bakin ruwa, duk rawaya, biyu gas, biyu fetur da na saya wa ƙaramin kwale-kwalena mai injin Yamaha. Cikin duhu yaron nan ya ɗauki na fetur ya juye duka biyun, lita 50, a kan kamar lita 60 na gas da ya rage a tanki. Mun tashi ba mu yi minti goma ba inji ya fara ƙara kamar ana buga guduma a ciki, farin hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfi ya tafi. Na kashe shi, muka turo jirgin da gora muka dawo gaɓa.

Makanike ɗaya ya ce in cika tankin da gas, in zuba galan guda na baƙin mai, zai wuce. Wani ya ce famfon da ke tura mai cikin inji da nozul masu fesa shi duk sun mutu, in kawo kuɗin sababbi. Yau kwana uku jirgi yana ɗaure, kasuwa tana wuce ni. Man nan kuma lita 110 ne, a wannan tsadar ban ga yadda zan zubar da shi ba. Ina mafita?

Naka, mai jirgi daga Yawuri, Jihar Kebbi.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya tsayar nan, ya mayar da alheri. Ka yi dabara biyu tun kafin ka rubuto: ka kashe inji da wuri, kuma ba ka sake tayar da shi ba. Da yawa sukan yi ta ba shi wuta suna cewa datti ne ya toshe filta, sai inji ya mutu da kansa a tsakiyar ruwa.

Amma kafin mu zo kan famfo da kuɗinsa, akwai abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, kuma ba ka tambaye shi ba. Jirgin nan da ka ce yana ɗaure kwana uku, wa yake kwana a ciki? Na san halin bakin ruwa. Yaran jirgi a ciki suke kwana, a ciki suke hura gawayi su dafa shayi, wani ya kunna sigari, wani ya kunna maganin sauro. Idan wannan amsa ta same ka da dare, ka tashi ka je ka fitar da su. Kada kowa ya kunna ko ashana a kusa da jirgin sai an gama abin da zan faɗa.

Ga dalili. Man gas ba ya kama wuta da sauƙi. Sai ya yi zafin da ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 kafin ya fitar da tururin da zai kama. Shi ya sa masu injin gas suke sakaci, kuma yawanci suna tsira: tanki yana ɗan ɗiga, tiyo yana jiƙe, ba abin da ya faru shekara da shekaru. Fetur kuwa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri yana fitar da tururin da zai kama. Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama ya bi iska, ƙasa yake gangarawa kamar ruwa. A mota sai ya zube a titi ya watse. Jirgin ruwa kuwa akushi ne, ba shi da ƙofa ta ƙasa. Duk tururin da ya fito daga bakin tanki ko ɗigon tiyo, ƙarƙashin katakan da ake takawa yake taruwa, inda ruwan da kuke kwalfewa yake kwanciya. Kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin in ya zama tururin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma jirginka an haɗa shi ne don gas, ba wanda ya damu ya rufe batir ko sitata don gudun tartsatsi.

Ina ɗan koyon aiki na taɓa ganin irin wannan a wani ramin gyaran mota, wanda shi ma akushi ne. An wanke kayan inji da fetur da safe, aka tafi cin abinci. Da aka dawo wani abokin aikina ya sauka ramin da waya a hannu zai gwada batir. Ba mu ji wata babbar ƙara ba, wani "fuuu" kawai, shuɗiyar wuta ta bi ramin daga wannan baki zuwa wancan. Ya fito da ransa, amma gira da gashin hannu sun tafi, fatar ƙafarsa kuma ta yi wata biyu tana jinya. Fetur ɗin da aka yi wankin da shi bai cika gwangwanin madara uku ba. Kai kana da lita 50.

To mu zo ga shawarar makanike na farko, wadda na san ita ta fi kwanta maka a rai, don ita ce mai araha. Ɗauki biro mu yi lissafi. Lita 50 na fetur a cikin lita 110, kashi 45 cikin ɗari ke nan. Ka cika tankin har baki, lita 200, fetur ya koma kashi 25. Rubu'in abin da injinka zai sha fetur ne har yanzu, ka kuma ɓata sabon gas lita 90 a kan wanda ya ɓaci. In kana so ya sauka zuwa kashi 2, inda ni zan iya kau da kai ga tsohon inji irin naka, sai ka nemo tanki mai cin lita 2,500. Kada kuma wani ya ce maka a bar shi ya kwana, fetur zai taso sama a kwashe tunda ya fi gas rashin nauyi. Ba ruwa da mai ba ne. Da sun haɗu sun zama abu ɗaya, ko shekara suka yi ba sa rabuwa.

Akwai kuma wani abu da sirkawa take jawowa wanda mutane ba su cika sani ba. Sararin da ke saman mai a cikin tankin fetur zalla, tururi ya yi masa yawa har iskar da ke ciki ba ta isa wuta ta ci ba. Na tankin gas zalla kuma tururin bai kai ya kama ba. Gas da aka sirka da ɗan fetur shi ne yake iya faɗawa tsakiya, daidai inda tanki yake fashewa. Wato maganin da aka ba ka yana iya matsar da kai kusa da wutar ne.

Ban ce makaniken nan ƙarya ya ƙaga ba. Tsofaffin littattafan wasu motocin gas na Jamus sun yarda a sirka fetur a lokacin tsananin sanyin Turai, don kada gas ya daskare a tiyo. Daga nan maganar ta samo asali, ta bi bakin direbobi har ta iso mu. Amma wancan mota ce a kan titi cikin ƙanƙara. Kai jirgi ne a zafin Yawuri, da buhunan albasa da mata da goyo a kansa, kuma in inji ya tsaya ba gefen titi da za ka faka.

Galan na baƙin mai fa? Zai mayar da ɗan santsi, wannan gaskiya ne. Amma ba zai gyara yadda man yake ƙonewa ba, ba zai hana tururi ba, kuma zai bar maka toka a bakin nozul. In tsohon baƙin mai ne da aka juye daga inji, to ka zuba wa famfonka yashi da hannunka.

Bari in gaya maka abin da ka ji ranar nan, don ka iya auna maganar makanike na biyu. Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne yake matse iska har ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma sha shida ko ashirin na girmanta, ta yi zafi fiye da digiri 500, sannan nozul ya fesa gas ya kama da kansa nan take. Fetur an yi shi ne musamman don kada ya kama da kansa, sai ya jira tartsatsin fulogi. Da ya shiga injinka sai ya yi jinkiri, ya taru, sannan ya tashi gaba ɗaya a lokacin da bai dace ba. Gudumar da ka ji ke nan. Farin hayaƙin kuma man da bai ƙone ba ne. Ɓarna ta biyu a ɓoye take: gas da kansa shi ne man shafawar famfo da nozul. Murza shi tsakanin yatsu ka ji santsi. Murza fetur ka ji yatsun sun bushe, sun yi fari. Ƙarafan cikin famfo an goge su ne har tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba ko kusa, to in santsi ya tafi, ƙarfe ne yake cin ƙarfe.

Nan ne tsufan injinka ya yi maka rana. Tsohon famfo yana tura mai da ƙarfin da ya kai kamar sau ɗari na ƙarfin iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Injinan gas na zamani masu kwamfuta, irin na sababbin Hilux, suna kaiwa sau ɗari takwas zuwa dubu, kuma su 'yan mintoci kan isa famfo ya fara niƙa kansa ya watsa garin ƙarfe ko'ina. Naka, minti goma, da fiye da rabin man gas ne, kuma filta da tiyo cike suke da gas mai kyau a mintocin farko, ina kyautata zaton ya tsira. Wanda ya yanke wa famfo hukuncin kisa bai buɗe ko filta ba, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Yanzu aiki. Da rana za a yi shi, da safe kafin rana ta yi zafi, a ja jirgin nesa da sauran jirage da masu suyar kifi. A rufe makunnin mai da ke gindin tanki. A ɗage katakan ƙasa duka, a bar iska ta ratsa, a kwalfe ruwan ƙasa da hannu. Ka durƙusa ka shinshina can ƙasa, hancinka shi ne ma'auninka. Sai warin ya tafi, an kashe duk wani abu mai cin wuta, sannan a cire kan batir, na baƙar waya da farko, a fitar da batirin gaɓa. A ajiye bokitin yashi biyu da tukunyar kashe gobara mai hoda in akwai. Ka gargaɗi yara tun kafin a fara: in wuta ta tashi ba a watsa mata ruwa. Mutum yana tsaye a kan kogi hannunsa zai kai ga ruwa, amma fetur a saman ruwa yake tafiya da wutarsa.

Da famfon hannu za a zuƙe man, irin wanda masu sayar da mai a duro suke juyawa. Ban da injin ban-ruwa, ban da kowane famfo mai batir. Ban da zuƙa da baki kuma, duk da na san kowa yana yi, ni ma na yi a ƙuruciya. Fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana ƙona shi daga ciki. In tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti. Duron da za a juye a ciki ya zama na ƙarfe, a ƙasa a gaɓa, tiyo ya kai har gindinsa don kada mai ya riƙa faɗowa yana fantsama. In lokacin hunturu ne, da iska ta bushe har riga take ƙyas-ƙyas, a ɗaure waya tsakanin tanki da duro kafin a fara. Ka sani kuma lokacin da tanki yake ƙarewa, iska tana shiga tana maye gurbin mai, shi ne lokacin da ya fi haɗari. Kada wani ya leƙa ciki da fitila ya ga ko saura.

Tiyo ba ya kwashe tanki tas, kullum akwai 'yan litoci da ke maƙalewa a kusurwa. In akwai noti a gindi a kwance shi. In tankin yana ciruwa, mafi kyau a fitar da shi gaɓa a kifa. Sannan a zuba gas mai kyau kamar lita 10, a girgiza, a sake juyewa. Kada a manta injin gas yana mayar da ragowar mai tanki ta wani siririn bututu, saboda haka gaurayen nan ya zaga ko'ina: tiyon zuwa, tiyon dawowa, kofin da ke tare ruwa, filta, cikin famfo. Duk a tsiyaye su. Filta a sa sabuwa, kada a wanke tsohuwa a mayar.

Tsohuwar filtar kuwa kada ka yar, ita ce shaidarka. Samo farin faranti na tangaran ko tasa mai tsabta, ka juye man da ke cikinta, ka kuma tari na farko da zai fito daga bututun dawowa a wani farantin. Fita da su rana ka karkata a hankali. Baƙin datti da jan tsatsa ba komai, na tanki ne. Abin da kake nema shi ne ƙyalli, ƙananan ɗigo masu walƙiya kamar garin kwalli. Ka ja maganaɗisu a ƙarƙashin farantin, in ɗigon suka bi shi, famfo ya ci kansa, makanike na biyu ya yi gaskiya. Ko a nan ma ba a fara da sayen sabo. A kwance famfo da nozul a kai wa masu saitin famfo da ke da injin gwaji, irin na Kano ko Kaduna, su faɗa maka abin da ya lalace. Sau da yawa 'yan ƙananan kaya ne a ciki za a canja.

In faranti ya fito fes, zaro sandar gwajin baƙin mai ka shinshina. In akwai warin fetur ko man ya ƙaru ko ya tsinke, a juye a sa sabo. Ni ko babu wari zan canja, don ya fi gyaran inji araha. A cika tanki da gas mai kyau har baki, don ɗan abin da ya rage ya narke a cikin mai yawa. A fitar da iska da ɗan famfon hannu na jikin inji har kumfa ta daina fitowa, a sassauta notin bututun nozul a juya inji har gas ya fito, a ɗaure. A sake shinshina ƙasan jirgi kafin a mayar da batir.

Tayar da shi yana ɗaure, ba fasinja. Zai ɗan yi tari da hayaƙi na minti ɗaya ko biyu. Bar shi ya yi kamar minti ashirin, sannan ka sa giya yana ɗaure don ya ji nauyi. Kashe shi da zafinsa ka sake tayarwa: famfon da ya sha wuya yakan tashi lafiya da sanyi, ya ƙi tashi da zafi. In ya wuce wannan, yi ɗan zagaye kusa da gaɓa kai da yaranka. Kasuwa ta gaba ka ɗauki kaya.

Saura lita 110 ɗinka, da lita 10 na ɗauraya. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba wanda zan ce wa ya zubar da mai ya saurare ni, kuma ko kyauta ne ba a zuba shi a kogin da mutane suke sha suke kamun kifi. Rufe duron, rubuta a jikinsa, ajiye a inuwa nesa da gida. Nemi mai tsohuwar tarakta ko tsohuwar babbar mota irin 911, ka gaya masa gaskiyar abin da ke ciki, ka sayar masa da rangwame. Lita ɗaya a kan kowace lita 25 na gas mai kyau, fetur bai kai kashi 2 ba, tsohon inji a fili zai sha. Zai ɗauki lokaci kafin ya ƙare, kuma ba za ka mayar da kuɗinka duka ba. Amma don girman Allah kada ya bi hannun da zai kai shi ga masu sayar da kananzir. Gidaje da yawa a ƙasar nan sun ƙone, mata da yara sun rasu, saboda kananzir da aka sirka da fetur aka zuba a fitila ko risho. Kada kuma ka ba 'yan bumburutu su sayar wa wani mai jirgin a matsayin gas.

Ɗan yayarka kuma ka sassauta masa. Jarka huɗu iri ɗaya, cikin duhun asuba, ka ce masa "ƙara mai". Hausa kalma ɗaya ta ba mu: fetur mai, gas mai, na gyaɗa ma mai. Ko ni ka aika haka ina iya ɗauko maka wanda ya fi kusa da hannuna. Sayi jan fenti ka shafe jarkokin fetur, ka ɗaura musu igiya mai ƙulli a hannu yadda ko ba fitila yatsa zai gane, kuma kada su sake zama wuri ɗaya da na gas. Koya masa gwajin takarda: ɗigo ɗaya a kan farar takarda, fetur zai bushe cikin minti ɗaya ko biyu ya tafi, gas zai bar tabon maiƙo kamar takardar ƙosai. Launi kada ya yarda da shi, yana ruɗi.

TAMBAYA

Baba, ni akasin haka ya same ni. Gazuwal aka zuba mini kamar lita 3 a tankin injin kwale-kwale na lita 25, sauran duk isans ne. Injin yana hayaƙi yana tari. Ya lalace ne? Daga wani masunci, Gaya, Jamhuriyar Nijar.

AMSA

Ɗana, naka mai sauƙi ne. Ga masu karatu na wannan gefen iyaka, gazuwal shi ne gas, isans kuma fetur. Gazuwal ba ya son kamawa da fulogi, shi ya sa yake jiƙa shi ya yi baƙi, inji ya yi ta tari. Daina tafiya da shi, don in ka matsa masa da nauyi yana iya ƙwanƙwasa ya taɓa fistin. Tankinka na ɗauka ne, cire shi ka kai gaɓa ka juye a jarka. Kwance ɗan notin gindin kafireto, inda mai yake haɗuwa da iska, ka tsiyaye, matsa ƙwallon tiyo har sabon mai ya iso, wanke fulogi ko ka sa sabo. In injinka irin wanda ake haɗa wa mai ne, kada ka ce gazuwal ɗin da ya shiga ya wadatar da santsi, auna man haɗi yadda ka saba a sabon isans ɗin. Zai yi hayaƙi na ɗan lokaci ya washe.